Zaren Yelwa Mai Ƙulli Goma Sha Huɗu

Ranar Talata, 15 ga watan Yuni, 1999, da hantsi, ina tsugune a rumfata ta bakin gadar Wudil, na tsoma tif ɗin keke cikin ruwa ina neman inda ya huje, aka zo aka ce mini Yelwa makitsiya ta cika. Na Allah ne mu, kuma wurinsa kowa zai koma. An yi mata sutura bayan azahar. Ta rasu tana da shekara hamsin da ɗaya, bayan jinyar da ta ɓoye mana tun kafin azumi.

Ni ne Maikano mai faci, taubashinta, ita 'yar gwaggona ce. A aji huɗu na firamare ni da boko muka yi sallama, kuma boko bai yi kukan rabuwa da ni ba. Don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace, ya yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da sifana.

Yelwa, shekara arba'in muna musun wane ne bawan wani tsakanina da ke. Kin tafi ba a yanke hukunci ba. To, yau a gaban jama'a na sallama: ni ne bawan. Ga dalili.

Lokacin da matata Salamatu take kwance ciwon ajali, 'yarmu Fatimatuzzahra tana da shekara shida. Ƙuraje sun fito wa yarinyar a kai, tsofaffin gida suka ce a aske. Salamatu, wadda nata gashin har gadon baya yake sauka, ta kira ni ta ce, "Baban Zahra'u, kada ka bari a aske mata. Ka bar mata gashinta ya yi tsawo." Na ce na ɗauka. Kwana tara tsakani ta rasu.

Na riƙe maganar nan kamar yadda jahili yake riƙe abu, da hannu biyu da haƙori. Ƙurajen suka warke, amma na kafa doka a gidana: babu aska, babu reza, babu almakashi. Matan da na nema bayan Salamatu sun dubi gris ɗin da ke farcena suka ce za su yi shawara, har yanzu suna yi. Saboda haka ni na zama mai kula da kan Zahra'u. Na shafa man shanu, na shafa man kaɗanya. Wata Juma'a a kasuwa wani mai lasifika ya sayar mini da man kanti mai miƙar da gashi. Takardar jikin kwalbar da Turanci take, na karanta iya inda aji huɗu ya kai ni, sauran na cika da basirata. Gashin yarinya ya yi ja, bakinsa ya tsattsage kamar tsohuwar tsintsiya, duk tajewa sai ya cika mataji. Shekara uku ina gadin gashi, bai wuce kunne ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne makaranta. Duk Litinin malama tana sa 'yan mata su cire ɗankwali ta duba kitso. Yara suka laƙaba wa Zahra'u sunan da ba zan rubuta ba. Ta fara ciwon ciki duk Litinin, daga baya ciwon ya haɗa har da Talata da Laraba. Wata safiya ta ce mini ita ta gama boko. A raina na ce gado ne ya motsa, kuma ba gadon da nake so in bar mata ke nan ba.

A lokacin, Yelwa, kina aure a Kausani. Da kuka dawo cikin gari, kwana biyu ba a yi ba kika shigo gidana, kika zare ɗankwalin yarinyar, kika duba kan gaba da baya. Sannan kika juyo kika ce, "Maikano, wace akuya ce ta kwana tana kiwo a kan 'yar nan?" Na ce akuyar tana gabanki. Kika ce dama kin ga kama.

Kika wanke kan da karkashi, kika taje a hankali daga ƙasa zuwa sama, sannan kika zaro almakashi daga lalitarki. Na miƙe tsaye. Na ce wallahi ba a gidan nan ba, na yi wa mamaciya alkawari.

Kika ce, "Zauna, bawana. Wayar birki idan bakinta ya tarwatse, me kake yi mata?"

Na ce datsewa nake.

"Don ka tsani wayar?"

Na ce a'a, idan aka bar ta warwarewa za ta yi ta yi har ciki, a rasa duka.

"To, Salamatu tsawo ta ce maka ko tarwatsewa? Matacce kake gadi, yana cin mai rai. Ni na yi mata kitson aurenta, kuma duk wata huɗu sai na datse mata baki. Kai dai ka ga gashi a gadon baya ka saki baki, ba ka tambayi yadda aka yi ya kai can ba."

Na matsa gefe na ba ki wuri. Amma da na ji ƙarar almakashin, sai na fita zaure na zauna, ina jin kamar na ci amanar kabari. Da na dawo gashin ya ƙara gajarta, Zahra'u tana kuka, ni ma saura kaɗan. Kin san ba za mu yarda da maganar baki ba. Sai kika tsinko farin zare mai kauri, irin na saƙar hula, kika ɗora bakinsa a tsakar kanta, kika ja silin gashi ya miƙe, kika ƙulla zaren daidai inda gashin ya tsaya. Kika ce, "Ga shaida. Bayan wata huɗu mu sake gwadawa. In ƙulli na biyu bai wuce wannan ba, ka kai ni gaban alƙali." Guntayen da kika yanke kuwa kika tattara, kika haƙa rami a gindin zogale kika binne, kika ce gashin mutum ba ya yawo a bola.

Wata huɗu na yi ina shirya jawabin da zan yi miki. Ranar ta zo, kika datse abin da bai kai gaɓar yatsa ba, kika gwada. Ƙulli na biyu ya sauka ƙasa da na farko. Na ce zaren ne ya shiga ruwa ya tsuke. Kika ce kaina ne ya tsuke.

Tun daga ranar, kowane mako biyu Zahra'u tana zaune tsakanin gwiwoyinki. Kin hana a ja mata kitso da ƙarfi don kada gaban goshi ya cinye. Kin koya mata ta shafa mai a bakin gashi, ta ɗaura kallabi kafin ta kwanta. Abin da kuke faɗa a wurin kitson nan ban sani ba, don da na matso sai ku yi shiru ku kwashe da dariya. Na dai san abubuwan da uwa take gaya wa 'ya, waɗanda mai faci ba shi da bakin faɗa, a wurinki ta ji su. Ciwon Litinin ya warke. Yau tana aji ɗaya na sakandare, tana karanta mini takardar jikin kowace kwalba kafin in taɓa.

Ba mu kaɗai ba ne. Ranar zaman makoki na ga mata daga Indabo da Achika, na ga Esta matar malamin asibiti tana kuka kamar uwarta ce ta rasu. Kowacce da labarinta: amaryar da kika yi wa kitso kika ƙi karɓar komai, mai jegon da gashinta ya zube kika yi ta lallashi har ya dawo. Ashe da yawansu suna da nasu zaren.

Zuwanki na ƙarshe gidana ranar Asabar ce, ranar da soja suka miƙa mulki. Rediyo tana ta kawo bikin rantsuwa, gari ya ɗauka, ni kuma ina ta bayanin siyasa kamar da ni aka yi shawara. Kin rame, amma bakinki bai rame ba. Kika taje kan Zahra'u, kika ɗauki almakashi, sai na ga hannunki yana rawa. Kika gwada sau biyu, kika fasa. Sannan kika miƙo mini.

Kika ce, "Karɓi. Yau har masu bindiga sun miƙa, balle ni."

Na ce, "Ni? Ni da na kafa doka?"

"Kai ɗin. Gaɓar yatsa ɗaya, kada ka wuce. Ba taya ba ce."

Na karɓa. Ni da nake yanka waya ido rufe, sai da gumi ya jiƙa mini riga. Kika riƙe silin, na datse, Zahra'u tana cewa, "Baba, don Allah a hankali." Kika sa na ja zaren da kaina, na ƙulla. Ƙulli na goma sha huɗu, ya sauka ƙasan kafaɗa, ya kama hanyar gadon baya. Kika naɗe zaren a jikin almakashin kika ce in ajiye, kin gaji da ɗauka. Na zaci tsokana ce irin tamu. Ashe sallama kike yi, ni kuwa aji huɗu bai kai ni gane wannan ba.

Yelwa, alkawarin da na yi wa Salamatu ke kika cika shi, da almakashin da na rantse ba zai shiga gidana ba. In Allah ya haɗa ku, ki gaya mata gashi ya yi tsawo, yarinya tana karatu. Zancen man kanti kuma ki rufa mini asiri.

Ya Allah ka jiƙan Yelwa, ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Yadda ta sanyaya zukatan marayu, ka sanyaya makwancinta. Ka haɗa ta da Salamatu da iyayenmu a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta Malam Wali, da 'ya'yanta Jamaluddeen da Safara'u, da dangi na Kausani, da duk macen da ta taɓa sunkuyar da kai a gabanta. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Safara'u ta karɓi kitson Zahra'u, hannunta irin na uwarta ne. Amma ta ce datsewa tawa ce, haka aka bar wasiyya. Zaren yana cikin akwatina, kuma na duba, akwai sauran tsawo a jikinsa. Ƙarshen watan tara, in muna raye, zan wanke gris ɗin hannuna in yi ƙulli na goma sha biyar.