Mangwaron da Ba Shi da Saiwa

Ranar Litinin ta farko bayan hutun ƙaramar sallah, a shekarar da nake aji biyar, ƙawata Saude ta faɗi gaskiya a gaban kowa, aka dake ta. Muna tsaye layi-layi a filin firamaren ƙauyenmu, can gabas da Baure, malamin ajinmu Malam Ɗayyabu yana bin layi da tsumagiya a hannu, yana tambayar kowa lafiyar dashensa. Da ya zo kanta sai ta ce, "Malam, nawa ya bushe. Na tona na duba, gara ce ta cinye saiwar." Bai tambaye ta yaushe ba, bai ce ta kai shi ya gani ba. Cewa ya yi, "Ba gara ba ce, ke ce ba ki ba shi ruwa." Ya sa ta miƙo hannu ya zuba mata bulala har tafin ya kumbura, sannan ya shiga aji ya rubuta sunanta da jan alli a saman allo, ƙarƙashin kalmar "Malalata". Saude ba ta yi kuka ba. Ta dawo ta tsaya kusa da ni tana hura hannunta, ni kuwa na matsa gefe.

A ƙarshen damina ne wata mota daga ƙaramar hukuma ta sauke mana dashen mangwaro cikin baƙaƙen ledoji, aka ce a kewaye makaranta da su. Hedimasta ya ɗora aikin a kan Malam Ɗayyabu. Shi kuma, da yake burinsa a mayar da shi cikin garin Daura, sai ya tsaya gaban ma'aikatan ya yi alkawarin ko ɗaya ba zai mutu ba. Aka ba kowa rami ɗaya, aka rubuta sunansa a murfin gwangwani aka kafa. Filin jigawa ne, kana zuba ruwa yana shanyewa, rijiya kuma tana bayan gari. Kullum kafin shiga aji da kuma bayan la'asar sai mu ɗauki galan-galan mu tafi, bayan na gama surfe da wanke-wanke a gida. Mun sassaro ƙayar magarya mun yi shinge saboda awaki. Da farko daɗi abin yake mana. Muna jiran guga muna carafke a bakin rijiya, muna dawowa da waƙa, ruwa na zuba mana a wuya, kowa na gardamar nasa ne zai fara 'ya'ya. Duk cikinmu ba wanda ya kai Saude jigila, don ita sahu biyu take yi.

A satin da aka dake ta ne ganyen nawa ya fara yin ɗorawa. Na tona a ɓoye na ga garar da idona, fara sol tana ta kai da kawowa. Babanmu yana da lambu a fadama mai manyan itatuwan mangwaro, kuma ni ce ke kai masa kunu da sassafe. Ran nan da na ajiye kwanon, sai na zagaya bayan wata bishiya na karyo reshe mai ganye shar, na ɓoye cikin hijabi. Na riga kowa zuwa makaranta, na tuge busasshen karan, na soka reshen, na tara masa ƙasa, na zuba ruwa. Da Malam ya zo zagaye sai ya nuna shi da bakin tsumagiya ya ce, "Ku dubi na Rakiya, haka ake aiki." Ya sa aka tafa mini.

Reshe ba ya wuce kwana biyu zuwa uku yake yaushi, dole a sake wani. Ba a daɗe ba 'yan ajin suka gano, domin kowa yana da irin matsalar a raminsa. Sai na zama mai kawo wa kowa. Wannan ta ba ni aya, wancan ya ɗebo mini ruwa, ni kuma ina ta yi wa itatuwan Baba ɓarna. Daga nan zaman ajin ya lalace. 'Yan kaɗan da nasu ke raye da gaske suka zama abokan gaba, don muna tsoron su tona mana asiri, har aka riƙa wayar gari a tarar an janye musu ƙaya, akuya ta cinye toho. Carafke ya mutu a bakin rijiya, sai harara da gori. Saude kaɗai ta ƙi karɓar reshe. Raminta yana nan wayam, sunanta yana nan a allo, kuma ba mai zama benci ɗaya da ita, har ni. Sau ɗaya ta tare ni a hanya ta ce, "Rakiya, ke Malam yana jin maganarki. Ki faɗa masa, ko sauran su tsira." Na ce mata, "Ke da kika faɗa, me kika samu?"

Malam Ɗayyabu bai taɓa sunkuyawa ya duba gindin dashe ba. A tsaye yake kallo, cikin farin kaftani da gogaggen takalmi, idan ya ga kore ya wuce. Haka ya rubuta wa ofishin ƙaramar hukuma takarda cewa duk sun rayu ban da guda, ya roƙi a zo a gani. Wata Alhamis kuwa sai ga wani dattijo ma'aikacin gandun daji a kan babur. Muka yi masa waƙar maraba. Bai jira an gama ba ya nufi layin dashen, ya tsuguna a gaban nawa, ya daɗe yana kallo. Ya ce mangwaron da ya yi watanni a ƙasa ya kamata a ga jan toho a kansa. Ya sa yatsu biyu ya ja, sai ga shi a hannunsa, ba saiwa, sai wurin karaya. Ya matsa na gaba, haka. Ya yi ta bi yana zarewa yana tarawa gefe. Masu saiwar gaske da suka ƙi zaruwa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Dattijon ya tona ƙasa ya nuna garar, ya ce da an sanar da wuri, da toka da ɗan magani sun ceci mafi yawansu. Malam ya ce, "Yallaɓai, yaran nan maƙaryata ne, sun cuce ni." Dattijon ya dube shi ya ce, "To Malam, duk cikinsu ba wanda ya taɓa gaya maka akwai gara?" Idanunmu duka suka koma kan Saude. Malam Ɗayyabu ya buɗe baki ya ce, "Babu." Na manta zafin bulalarsa da yawa, amma wannan kalmar ban manta ta ba, ban kuma yafe ba. Saude ta sunkuyar da kai. Ni ma ina da baki a wurin, ban yi amfani da shi ba.

Ƙarar babur na ɓacewa Malam ya rufe ƙofar aji, ya ce duk wanda ya nuna mai kawo rassan ya tsira. Yatsu suka yo kaina, har na waɗanda suka karɓi reshe a hannuna da safiyar ranar. Ya dake ni sai da tsumagiyar ta karye, na yi kwana uku ba na iya riƙe ludayi. A gida kuma wata fitinar ce ke jira, domin Baba ya daɗe yana zargin 'ya'yan wani makiyayi maƙwabcinmu da karya masa itatuwa, har sun yi cacar baki sun daina gaisawa. Ya tasa ni gaba har rugar, na durƙusa na ba da haƙuri. Washegari ya je makaranta, ya tsaya a bakin aji ya ce, "Malam, laifin 'yata na karɓa, zan kuma hukunta ta. Amma ba a gidana ta koyi ƙarya ba." Ya juya bai jira amsa ba. Da aka yi hutu, Saude ta roƙi iyayenta suka kai ta wurin kakarta a Mashi, can ta ƙarasa firamare. Mun haɗu sau da dama bayan nan, amma gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Yanzu ni ce ke jagorantar ayyukan gina azuzuwa da haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan yankinmu. An taɓa tura mu kwas a kan yadda halayyar mutane da tunaninsu ke gyara aiki ko rusa shi. Mai koyarwar ya yi ta bayanin cewa idan ana hukunta mai kawo mummunan labari, matsalar ba ta gushewa, ɓuya take yi, kuma shugaban da ya yi alkawari a bainar jama'a abin da yake so kawai idonsa ke gani. Abokan aikina suna ta rubutu, ni na kasa, sai murza tafin hannu nake yi. Na kuma taɓa cin karo da Malam Ɗayyabu a tashar mota a Daura, ya tsufa, yana dogara sanda. Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda aka tarbiyyantar da ni. Ya juya ga mutanen da ke tare da shi yana alfahari, wai bulalarsa ce ta kai ni inda nake. Na miƙe na shiga mota zuciyata na tafasa.

Yaran makarantarmu na yanzu suna da famfo a tsakar fili, ba su san nauyin galan ba, ba su kuma san waƙar hanyar rijiya da nake kewa ba. Kwanakin baya shugaban maginanmu, dattijo mai furfura, ya shigo ofis yana murza hula, ya ce harsashin wani aji ya tsage, sai an rushe an sake. Na ji tsawa ta taso mini har maƙogwaro, da irin kalmomin da na tsana tun ina yarinya. Na haɗiye ta da ƙyar, na jawo masa kujera na ce, "Baba, na gode. Zauna ka gaya mini tun daga farko." Ya daɗe a tsaye yana kallona kafin ya yarda ya zauna. Ashe shi ma, kamar Saude, ya taɓa faɗar gaskiya a wani wuri ya sha wuyarta.