Kwalbar Ruwan Tekun Yaya Ɗahiru

Shekara goma sha biyu ke nan da aka fita da gawar yayana, Malam Ɗahiru, daga gidanmu na Ƙofar Mata. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi masa sadaka in ja bakina in yi shiru, don addu'a ta fi masa surutu amfani. Bana dai shirun ya gagare ni. Wani ƙaton allon talla na gani a ƙofar makarantar da ya kafa, hoton Yaya a gefe guda, jirgin sama a ɗaya gefen, an rubuta wai za a kai ɗalibai Dubai don tunawa da shi. Na tsaya ina kallo, takaici ya cika ni, har sai da mai adaidaita ya danna mini hon na matsa.

Kada wani ya ce tsohuwa ce ke faɗa da zamani. A bakin Yaya na fara jin cewa yaron da bai taka ƙasar wasu ba, karatunsa da saura. Malamin labarin ƙasa ne, kuma "tafiya mabuɗin ilimi" ba ta barin bakinsa. Ni ma na koyar a makarantar, na ga yadda yake yi. Duk shekara yakan ɗauki hayar mota ya ƙetara iyaka da 'yan babban aji, yau Damagaram, gobe Yamai, sau ɗaya ma har Ghana. Sai dai kujerar motar nan ba aljihun uba ke ba da ita ba. Kafin ka hau, sai ka tsaya gabansa ka ba shi labarin unguwarku kamar shi baƙo ne: me ya sa marina ke zuba toka a cikin baba, daga ina ake kawo fatar da dukawa ke ɗinkawa a kasuwar Kurmi. Yakan ce ba zai kai ɗan Kano gidan mutane a tambaye shi garinsu ya tsaya yana sosa ƙeya ba.

Idan an dawo kuma, sai a taru a gindin darbejiyar tsakar makaranta, duk wanda ya je ya tashi ya ba waɗanda ba su je ba tsarabarsu. Tsarabar nan ba ta ci ba ce, abin da ka gani ne da abin da ka tambaya. Shekarar Ghana, Yaya ya sa aka cika kwalbar lemo da ruwan teku. Ya bi layi, kowa ya miƙo tafin hannu ya ɗiga masa ya lasa. Yara na yamutsa fuska, wasu na dariya, wasu na tofarwa. Daga nan ya shiga bayanin yadda koguna ke wanko gishirin duwatsu su kai teku, da dalilin da ya sa na rijiyarmu ke shayuwa wancan ba ya shayuwa. Ban taɓa ganin yara sun yi tsit irin na ranar ba. Mota ɗaya ce ta je, amma babu yaron da ya koma gida hannu rabbana.

Yau ɗansa Nasiru ke riƙe da makarantar. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi bene, ya sa tayil, ya kuma sare darbejiyar ya yi wurin ajiye motoci. Amma albasa ba ta yi halin ruwa ba. Tafiyar yanzu, wanda ubansa ya iya biya shi ke zuwa, ko da kuwa bai san ta ina rana ke fitowa ba. Manyan malamai su ke rakiya, saboda haka waɗanda aka bari sai su yi ta zaman kashe wando a aji, suna bin hotunan 'yan'uwansu a waya: ga su a kanti, ga su a kan matakala mai tafiya da kanta, ga su rungume da ledoji. A dawo babu mai tashi ya faɗi komai. Abin da marasa zuwa ke samu gori ne, kuma a makarantar Yaya ake yin wannan.

Bara Ummi, 'yar Nasirun, tana cikin masu tafiya. Da ta zo yi mini sallama, na wanke wata kwalba na ba ta, na ce tunda masaukinsu a bakin teku yake, ta ciko mini. Da ta dawo ta durƙusa ta gaishe ni, ta miƙo kwalbar a cikin leda mai ƙyalli. Ina buɗewa ƙamshi ya buge ni. Turare ne.

"Hajiya Kaka, Abba ne ya ce abin kunya ne a kawo wa babba ruwa a matsayin tsaraba, sai a ce rowa muka yi miki," in ji ta.

Na tambaye ta ko ita ta taɓa ruwan. Ta ce ta dai hango shi ta tagar otal, ba a sa shi cikin tsarin tafiyar ba. Ta kuma ba ni labarin wani mai kanti da ya tambaye ta da me aka san garinsu, ta rasa abin faɗi. Jikar Malam Ɗahiru ke nan, wadda in ta leƙa daga soron gidanmu za ta hango marina. Ban ga laifin yarinyar ba, ita ma cutar ta aka yi.

Kafin a ɗaga allon nan, Nasiru ya zo har ɗakina neman in sa albarka. Ya ce, "Gwaggo, ai Baba ne ya fara kai yara waje. Mu ɗorawa kawai muka yi, shi mota, mu jirgi."

Na ce, "Nasiru, kawo mini yaro ɗaya cikin waɗanda ba su je bara ba, ya faɗa mini abu ɗaya da ya ƙaru da shi daga tafiyar. In ka kawo shi, ranar taron sallamar masu tafiya ni da kaina zan zo in zauna a kujerar gaba. In babu, ka bar sunan ɗan'uwana ya kwanta." Ya ce zai duba. Yaron bai zo ba, allon kuwa ya hau.

Nakan tambayi kaina, da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? Na san ba zai ƙi jirgin ba. Shi ne ma zai dami ma'aikatan jirgin da tambaya, ya ja yaran su ga yadda ake cire gishiri daga ruwan teku har a sha, su tambayi masu ginin benayen daga ina suka zo, me ya raba su da gida. Abin da zai tayar masa da zuciya shi ne a kai yaro har bakin rijiya a dawo da shi da ƙishirwa, sannan a liƙa hoton shi Yayan a kai.

Kwanan baya na shiga Kurmi sayen citta da kanumfari. Mai kayan yajin, wani dattijo-dattijo mai furfura a gemu, ya dube ni ya ce, "Malama, ba ki gane ni ba? Garba ne." Ɗalibinmu ne, zazzaɓi ya hana shi tafiyar Ghana. Ya ce har yau bai taɓa wuce Zariya ba, amma duk sanda 'ya'yansa suka yi zancen teku yakan ce musu shi ya ɗanɗana shi, a tafin hannunsa, Malam ne ya ɗiga masa. Ya ɗaga hannun ya nuna mini wurin.

Benen na Nasiru ne, allon ma nasa ne, in damina ta zo ruwa zai kwaɓe shi. Abin da ya rage na Yaya shi ne wanda na gani a tafin hannun Garba. Turaren Ummi kuwa na juye shi a wani mazubi, na sake wanke kwalbar. Bana ma tana cikin masu tafiya, kuma wannan karon zan ja mata kunne kada kwalbar ta bi ta hannun ubanta.