Motar da Ke Rawar Ɗari da Safe

A shekarar da motata ta soma rawar ɗari, kowa a Matameye ya zama bakanike. Mai shayin tasha bakanike, mai sayar da isansi, wato man fetur, a kwalba bakanike, har wata tsohuwa da ke kai kaji kasuwa sai da ta ce mini in canza buji. Na ce mata ta ji da kajinta.

Motar tsohuwa ce, ban musa ba. Ta babanmu ce, da ita ya yi jigilar mutane tsakanin Matameye, Kurni da Dungu har Allah ya karɓi abinsa. Da aka zo rabon gado babu wanda ya dube ta sai ni, autan gida. Yayyena duka ƴan ci-rani ne: da an ɗaure hatsi an zuba a rumbu sai su rataya jaka su tsallaka Najeriya, ba a sake ganinsu sai hadari ya fara haɗuwa. Ni kaɗai nake zama da Inna, mahaifiyarmu, kuma motar nan ce hujjata. Muddin tana kan layi a tasha, babu mai ce mini in tashi.

To, ana cikin kaka sai ciwon ya kama ta. In na murɗa makulli da safe sai ta tashi da ƙyar, jikinta duka na karkarwa kamar mai zazzaɓi, inji na tsallake bugu, salansa na harbi fat-fat. Da na ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Abin haushin, da rana ta take sai ta warke sarai, ta riƙa tafiya lafiya lau kamar ba ita ba.

Wata ranar kasuwa ta mace mini a hanyar Dungu da mutane cike, har sai da mata masu goyo suka sauka suka tura. Labari ya riga ni isa tasha. Sarkin tasha ya kira ni gaban jama'a ya ce in har kasuwa mai zuwa ta zo motar tana wannan tari, to in nemi wani wuri, ya cire ni daga layi. Raina ya ɓaci ƙwarai, don a gaban idona babanmu ya koya wa mutumin nan riƙon sitiyari.

Wanda abin ya yi wa daɗi shi ne babban yayanmu. Dama tun ana yankan gero yake ta maganar bana da ni zai tafi. Har ya ɗaga tafiyarsa don ni, ya samo masu sayen tsofaffin ƙarafa, ya ce kuma akwai kurar ruwa da ke jirana a Kano.

"Auta, ka daina wahalar da kanka a kan gawa," ya ce. "Kowa ya tafi, kai waye?"

Na ce, "Yaya, ko da ka zan riƙa ɗaukar ta zuwa Dungu, ba ni zuwa. Ba a haife ni don in tura ruwa a garin wasu ba."

Ya ce in iya bakina. Na ce bakin nawa ne.

Daga nan na zage damtse. Na kai ta garaji, amma da yake sai na gama jigilar safe nake zuwa, bakaniken ya saurare ta ya ce lafiyarta ƙalau, kunnena ne ke da ciwo. Na dawo gida na kama da kaina. Na canza buji, ƴan abubuwan nan da ke ba inji tartsatsin wuta. Na kwance karbirato na wanke shi tas, na busa kowace kafa da bakina har na kwana biyu ina jin ɗanɗanon mai a tuwo. Na tuhumi mai isansi da cewa yana gauraya mini da kananzir, muka yi kaca-kaca, na koma wurin wani, ina tacewa da ƙyalle kafin in zuba. Na riƙa zare wayoyin buji ɗaya bayan ɗaya inji na aiki, don in ji wanne ne ba ya ba da wuta, har wutar ta fizge ni zuwa gwiwar hannu. Duk a banza. Gari na wayewa sai ta koma rawarta, kullum ma abin ƙaruwa yake.

Sai na zauna na yi wa kaina faɗa. Wane irin ciwo ne ke zuwa da safe ya tafi da rana? Ai sai wanda zafi ke kora. Washegari ban taɓa makulli ba, na kwance igiyar da ke riƙe kapo, wato murfin inji, na buɗe murfin delko, ɗan kofin nan da ke raba wa buji wuta. Cikinsa a jiƙe yake, ga wata siririyar tsaga a gefe. Tun kafin kaka ba a yi ruwa ba, raɓa kuwa ba ta shiga ƙarƙashin kapo. Na dangwala da yatsa na duba: ruwan baƙi-baƙi ne. Na kai hanci, sai na ji ƙanshin tawadar allo.

Washegari da aka idar da sallar asuba ban tsaya shan shayi ba kamar yadda na saba, na dawo na laɓe a zaure. Can sai ga Inna ta fito da ƙoƙo a hannu. Ta ajiye shi, ta kwance igiya, ta ɗaga kapo da hannayenta biyu tana nishi, ta tokare shi da tabarya. Ta yi bisimilla ta tsiyaye ruwan nan duka a kan inji, tana cewa Allah ya tsayar da motar nan da ƙafafunta, kada a tafi mata da ni.

Na yi gyaran murya na fito. Ta ji kunya, ta soma bayani ba tare da na tambaya ba. Ta ce tun ranar da wancan, haka take kiran ɗanta na fari, ya fara zancen tafiya da ni, ta je wurin Malam ya riƙa yi mata rubutu. Da farko yayyafawa take yi, amma da ta ga ciwon na ƙaruwa sai ta koma zuba ƙoƙo guda. Ta ce ai shekara da shekaru tana ganin babanmu na buɗe nan yana zuba ruwa kowace safiya, ta san ta nan mota ke sha. Lagireto take nufi, inda ake zuba ruwan sanyaya inji, baiwar Allah.

Maganar ta zo mini har leɓe. Wahalar da na sha, wulaƙancin da aka yi mini a tasha, duk suka taso mini. Amma na dubi tsohuwar nan da ke ɗaga ƙarfen da ya fi ƙarfinta kullum don kada rani ya same ta ita kaɗai a gida, sai tausayi ya kashe mini jiki. Na ce Allah ya saka da alheri, na ce ta ci gaba da zubawa.

Ban gaya wa kowa ba, balle Yaya, da zai mayar da abin tatsuniya a gaban matansa. Na samo wani murfin delko marar tsaga, na goge ko'ina ya bushe, na yanko robar cikin taya na yi masa hula, na ɗaure da waya tam. Sannan na daidaita ralanti, wato yadda inji ke aiki a tsaye, har ya kwanta.

Ranar kasuwa Inna ta zuba nata tun da duhu-duhu. Na murɗa makulli, bugu ɗaya ta tashi. Na kai ta tasha, na tsayar da ita daidai gaban bencin sarkin tasha, na bar ta tana aiki na sauka. Na karɓi shayi cike da kofi na ɗora a kan kapo, na harɗe hannu. Ko ɗigo bai zube ba. Na ce masa in yana da sauran magana ya faɗa yanzu gaban mutane. Ya kau da kai ya ce a yi mini lodi. Yaya kuwa ya hau motar Kano shi kaɗai, sallamar ma daga nesa ya ɗaga mini hannu.

Bayan tafiyarsa, wata safiya Inna ta makara, gari ya waye sosai kafin ta fito da ƙoƙonta. Ni na ɗaga mata kapo. Har ta karkata ƙoƙon, sai idonta ya faɗa kan robar. Ta shafa ta da yatsa, ta ga ita kaɗai ce sabuwa a wurin, kuma daidai inda take zubawa. Ta tambaye ni ta mece ce, na ce don datti ne. Ta daɗe tana dubana.

"Auta, ni ce?"

Na ce, "Inna, kin roƙa kada a tafi da ni. Ga ni."

 Ta dubi injin, ta dubi ruwan, sannan ta miƙo mini ƙoƙon.

"Shanye," ta ce.

Na tsuguna na shanye shi tas, na ɗaure kapo, na tafi ɗaukar mutanen Kurni.