Binciken Mai Alkyabba

Shekarar da 'yar yayana ta fito da miji, ni aka ɗora wa bincike. Ni ne baffanta, ni zan tsaya waliyyi, kuma tun da na ajiye aikin masinja a Abuja ba ni da wata sana'a sai gyara wa mutane magana a ƙofar gida. Yaya ya kira ni ya ce, "Je ka gano mana ko wane irin mutum ne. Ba zan karɓi gaisuwar kowa ba, ba zan sa rana ba, sai ka dawo min da magana."

Yarinyar ba ƙarama ba ce. Ma'aikaciyar jinya ce, ta san abin da take so, kuma abin da take so shi ne wani dogon mutum ɗan Izom mai haɗa wa mutane sola, wanda in ya gaishe ka sai ka matso kafin ka ji. Iyayensa sun riga sun aiko, an ce su dakata. Sun dakata, amma sun bar magana a hannun ɗan aike: in azumi ya kama ba su ji komai ba, za su ɗauka an ƙi su ne cikin mutunci.

Na shiga mota na je Izom ranar kasuwa. Na tambayi limamin unguwarsu, na tambayi mai shagon da ke kusa da gidansu, na tambayi wata tsohuwa mai ƙosai da na lura ba ta ƙaunar kowa. Duk suka yabe shi. Abin ya ɓata min rai. A ce mutum ya sha rana har Izom ya dawo ba ko ɗan aibi ɗaya a aljihu, me zan ce na yi?

Allah da ikonsa, aibin yana ƙofar gidana. Wata Asabar manemin ya zo gaishe ni ya ajiye motarsa, sai ɗan hayata, mutumin kudu mai sayar da kayan gyaran mota, ya ja ni gefe. Ya nuna min gilashin baya, inda aka manna hoton wani Bature mai alkyabba ruwan zinare, yana murmushi da haƙora reras kamar mai tallar man goge baki.

"Baba lanlod, ka sani wannan mutum?"

Na ce ban san shi ba, amma da gani ya ƙoshi.

"Mugu ne! Yana kashe mutane kamar sauro. A fim ne, amma ni ba zan sa shi a mota na ba. Madam ma ta hana ni kallo."

Na kai maganar wurin abokina mahauci, wanda muka bar firamare tare a aji huɗu, shi don nama, ni don malamin lissafi. Muka zauna muka auna. Mutumin da ya rasa hoton da zai manna a motarsa sai na mai kisan kai, me ke cikin zuciyarsa? Wanda bai san al'ada ba zai ce ai sai a tambaye shi. Ba a yin haka. A bincike ana tambayar maƙwabcin mutum, da abokinsa, da maƙiyinsa in an yi sa'a, amma shi kansa ba a tambayarsa. Don haka na bi ta bayan gida. Na ce masa, "Ɗana, wannan na bayan motarka, a ina ake ganinsa?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce fim ne mai dogon zango, ta intanet ake kallo.

"To a kawo mana mu gani."

"Baba... an ce akwai jini sosai."

"Abokina mahauci ne," na ce masa, na rufe zancen.

Haka aka fara. Kowace Asabar bayan La'asar ya zo da kwamfuta ya ɗora a kan turmin da muka kifa a zaure. Ni da mahauci a kan tabarma, ɗan haya a kan benci bayan ya leƙa ya tabbatar madam tana shago. Shi kuma manemin ya tsuguna a gefen turmi, hannunsa ɗaya kusa da madannai. Shirinmu shi ne mu riƙa kallon fuskarsa. In mai alkyabba ya yi ɓarna muka ga ya yi murmushi, shi ke nan, an kama shi.

Shirin bai kai ƙarshen fitowar farko ba.

Ga yadda labarin yake, gwargwadon Turancina, wanda na tsinta a kan fayil da bakin ƙofar ofis. Wata ƙasa ce da ake haifar mutane masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, birane kuma suna ɗaukar su kwangila su tsare jama'a. Babbansu shi ne mai alkyabba. Yana tashi sama, kuma duk abin da ya taɓa da tsirarar hannu sai ya ruguje, shi ya sa kullum yana cikin safar hannu. A gaban 'yan jarida yana shafa kan marayu. Da an kashe kyamara sai ya fara zare safar, yatsa bayan yatsa. Wadda ta gano shi wata mata ce direbar motar asibiti, mai tsamurarriyar fuska kamar ta kwana uku ba ta yi barci ba. Ita baiwarta ita ce ba ta mutuwa. Amma duk abin da aka yi mata tana jin zafinsa.

Ranar da ya fara zare safar nan ya dafa kafaɗar wani ɗan sanda, ni da mahauci muka ce "Innalillahi!" ɗan haya ya ce "Jizos!" duk a numfashi ɗaya. Tun da ya tare a gidana ba mu taɓa haɗuwa a kan magana irin ta ranar ba.

Mahauci ne ya fara farfaɗowa. Ya matsa kusa ya ƙura ido, ya taɓe baki. "Wannan ba jini ba ne, zoɓo ne. Jini ba ya gudu haka. Wanda ya haɗa fim ɗin nan ko kaza bai taɓa yankawa ba." Daga ranar ya naɗa kansa alƙalin jini. Duk wanda aka farke sai ya ba da maki. Akwai hanjin da ya ce na rago ne, har ya rantse. Abin da ya fi ba ni haushi, a hankali sai ya koma bayan mai alkyabba. Wai shugabanci sai da haka, wai da za a ba shi aron mutumin nan na mako guda da ya gyara cunkoson Madalla.

"Ya gyara da me?" na ce. "Ya ruguje motocin?"

"Direbobin. Motocin ba su da laifi."

Ni kuwa ina bayan matar nan. Ban taɓa ganin mai haƙuri irinta ba. A jefo ta daga bene ta tashi ta gyara wuyanta ta koma aiki. Na ce ko a ma'aikatarmu ta dā, da ta kai darakta. Ɗan haya shi ba ya bayan kowa, aikinsa gardama da ni a kan fassara. In na ce mai alkyabba ya ce zai rama, sai ya ce a'a, cewa ya yi a kawo masa madara. Na bayyana masa cewa ni ba kalma nake fassarawa ba, niyya nake fassarawa, kuma wannan sai wanda ya yi aiki da manya.

Abu ɗaya ne ya riƙa damuna da fim ɗin. Sai ka ga namiji da mace sun shiga ɗaki sun turo ƙofa, kafin ka gyara zama gari ya waye ana tseren motoci. Wani lokaci mutum yana tsakiyar zagi sai ka gan shi a bakin teku. Na yi wa zauren bayani cewa Turawa sun iya ƙera jirgi amma ba su iya haɗa labari ba. Manemin ya ce, "Allah ya kyauta, Baba."

Yaya ya aiko, na ce ana kan bincike. Ya sake aikowa, na ce al'amarin ya yi zurfi. Ba ƙarya na yi ba, a makon ne aka binne matar nan cikin siminti. Gardamarmu ta fita daga zaure ta bi mu har ƙofar masallaci. Wata rana ina gaya wa mahauci yadda aka murƙushe kan magajin gari a gaban jama'a, sai ga matata ta fito da mayafi a hannu tana salati, tana tambaya a hanyar Tafa ne ko a cikin gari.

Sha'aban ya shigo. 'Yan Izom suka aiko a gaishe da Yaya, gaisuwa kawai, ba su ƙara komai ba, kuma kowa ya san abin da gaisuwa kawai take nufi. A Asabar ɗin ne mai alkyabba ya kama matar. Da ya ga ba ta mutuwa, sai ya sa aka rufe ta a tankin ƙarfe, aka walde, aka jefa a teku, da ranta. Shi kuma aka zaɓe shi shugaban ƙasa. Ya yi mana murmushi, rubutu ya fara hawa.

"Sa na gaba," in ji mahauci.

"Baba, zangon ya ƙare. Sai baɗi."

Ɗan haya ya cire hula ya dafe kai. Mahauci ya daɗe yana kallon turmi, sannan ya ce da ni a hankali, yadda manemin ba zai ji ba, "Ai bincike bai ƙare ba ke nan. Ba a yanke hukunci a rabin shaida." Na auna maganar na ga tana da nauyi. Na je na sami Yaya na ce masa, a matsayina na waliyyi, ina ganin a dakata sai an ga ƙarshen mai alkyabba. Yaya ya ce wane ne kuma mai alkyabba. Na ce wani ne da ke da alaƙa da yaron. Ban san 'yar tana ɗakin uwarta tana ji ba.

Da safe ina shan koko sai ga ta cikin farin kayan aiki. Ta durƙusa har ƙasa. Ta gaishe ni, ta tambayi ƙafata, ta tambayi gida, ta tambayi awakin da na sayar tun bara. Da na ji gaisuwar ta yi tsawo na ajiye ludayi.

"Baffa, tambaya gare ni, in ba za ta zama rashin kunya ba."

"Ina jin ki, 'yata."

"Wa ake bincike?"

Na ce wannan sirrin manya ne.

"To Baffa, a gaya wa manya. Hoton nan tsaga yake rufewa. Dutse ne ya faɗo daga tifa ya fasa masa gilashi, ya tsaya wurin masu sitika ya ce a ba shi wadda ta fi girma. Bai san mutumin ba. Sai da kuka ce a kawo ya je ya tambaya aka nuna masa inda ake kallo."

Na ce na lura da tsagar.

"Kuma Baffa, ba ya iya ganin jini. Ko labarin wurin aikina na ɗauko sai ya ce in bari ya gama cin abinci. Duk Juma'a sai ya zauna shi kaɗai ya kalli fitowar da zai kawo muku, don ya san wuraren da bai kamata dattawa su gani a gabansa ba, ya tsallake. In ya gama ba ya iya cin tuwo. Ran Asabar kuma ya sake kallo tare da ku." Ta ɗago ta dube ni. "Kun ramar min da shi, Baffa. Ga azumi ya zo."

Sai a lokacin na ga abin da na zauna makonni a gabansa ban gani ba. Hannun nan da ba ya barin madannai. Fuskar nan da kullum take kallon bangon zaure kamar yana ƙirga tsagoginsa. Gumin da nake cewa zafin Suleja ne. Na tuna ranar da aka binne matar a siminti ya nemi izini ya fita, wai zai duba mota, ya dawo da ruwa a fuska.

Na gyara murya. "Duk na sani. Gwada shi nake yi."

"To Baffa, ya ci?"

"Ya ci."

"Sai a gaya wa Baba. Yau."

Ban ƙarasa kokon ba. Na sa hula na tafi gidan Yaya, na zauna yadda ake zaman kawo rahoto. Na ce na binciki yaro ciki da waje. Yana da kunya, yana ganin girman manya, kuma zai iya haɗiye abin da ransa ba ya so saboda 'yarmu, har ya dawo mako mai zuwa ya sake haɗiya. Na ce a aika Izom kafin Azahar.

"Shi mai alkyabbar fa?" in ji Yaya.

"Shi kam ba za mu ba shi ba."

An sa rana bayan ƙaramar Sallah, kuma ni na tsaya waliyyi, cikin babbar rigar da ta fi alkyabbar kowa. Ango ya canja gilashi kafin biki. Ya kuma mayar da jikinsa, don 'yar tawa ta iya girki.

Da sabon zango ya fito, babu wanda ya iya buɗe baki ya nemi surukin ya kawo. Ɗan haya ya ce shi zai sa mana a wayarsa. Muka jingina ta da turmi muka zauna kamar dā, mahauci har da ƙullin gyaɗa. Ba a jima ba namiji da mace suka shiga ɗaki suka turo ƙofa. Na gyara zama ina jiran gari ya waye. Gari bai waye ba. Ɗan haya ya daka wa wayar wawa ta suɓuce ta faɗa bayan turmi, tana ci gaba da magana. Ni na ga wani gizo-gizo a rufin zaure da yake buƙatar nazari. Mahauci, mutumin da ya ba hanji maki, ya tashi ya ce ya tuna bai ɗaure akuya ba. Ba shi da akuya a gida, duk unguwa ta sani.

Ba mu sake zama ba. Mahauci yana nan a kan bakansa cewa mai alkyabba zai yi mulki mai kyau. Ni kuwa in na ga tankin ruwa a bayan mota sai gabana ya faɗi. Kwanaki surukin ya zo gaisuwa da jaririnsu, na faki idon matarsa na ce, "Ɗana, matar nan, ta fito kuwa?" Ya sunkuyar da kai ya ce wallahi Baba bai sani ba. Daga tsakar gida 'yata ta ɗaga murya ta ce, "Baffa, abinci zai ci."