Ranar da Inna ta buɗe keji

"Wanga wane irin kifi na, mai hannuwa haka?" in ji Inna, tana leƙen wayata a bakin ruwa a Wara.

Na ce mata sikwid ne, a teku yake. Ba ma kifi ba ne, ɗan'uwan katantanwa ne, ba shi da ƙashin baya irin na kanarinta na keji.

"Su ma suna ƙarewa?"

Na ce wannan dai har yanzu akwai sauransa.

Ta ce, "Kanari kam sun ragu. Da can kukansu ka tashe mu, yanzu nawa na kuka, ba mai amsa mashi."

Muna komawa gida ta buɗe kejin. Kanarin ya jima a bakin ƙofa kafin ya tashi.

Gidan ya yi tsit, amma Inna murmushi take yi. Ku a garinku har yanzu kuna jin su?