Ɗan Boko, Sake Auna

A hutun farko da na dawo daga makarantar kwana ta Gwarzo, na tarar garinmu, wani ƙauye a gefen Masanawa, yana magana ƙasa-ƙasa a kan tsohuwar da ke kawo mana madara. Ɗanta tilo ya nutse a kududdufi da damina. Tun daga nan wai saniyarta ta daina ba da madara, ruwan kududdufin take bayarwa, farin kawai ya rage. Har da masu rantsuwa sun ji warin laka a ƙwaryarta.

Ni kuwa lokacin na yi zango ɗaya ina karanta kemistiri, kaina ya fi hulata girma. An koya mana dansiti, wato ka auna nauyin abu ka raba da yawan wurin da ya cika. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, madara kuwa malam ya ce ta fi ruwa nauyi. Da nawa ta fi, ban tsaya ji ba.

A teburin mai shayi na buɗe baki na ce zan raba gardama. Na aro sikelin rataya na wani mai sayen wake, na wanke gora mai cin lita guda. Da tsohuwar ta zo da safe, na ce, "Inna, ara mini madararki in gwada wani abu."

Ta sauke ƙwaryar, ta ɗaga faifan.

Na cika gorar da ruwa na rataya, allurar sikelin ta tsaya a kan kilo ɗaya. Na zubar, na cika da madara. Allura ta yi rawa, ta dawo kan ɗaya. Mai shayi ya bar cokalinsa a kofi.

"Nauyinta ɗaya da ruwa," na ce, da ƙarfi, don kowa ya san na je makaranta.

Wani dattijo ya yi a'uziyya ya janye ƙafarsa daga kusa da ƙwaryar. Tsohuwar ta dube ni. Ba fushi a idonta, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ta rufe faifanta ta tafi. Daga ranar ba gidan da ya sake sayen madararta.

Washegari, hantsi bai ɗaga ba, muka ji sallama a zaure. Ita ce, ƙwarya a hannu.

"Ɗan boko, sake auna."

Na auna, ɗaya. Ta gyaɗa kai ta juya. Jibi ta dawo, gata ma haka. Ba ta gaisuwa mai tsawo irin ta da, ba ta zama, kalmomin nan huɗu kawai. Kullum tana ƙara ramewa, har na fara ganin ƙwaryar ta fi ƙarfin hannunta. Mahaifiyata ta koma ɓuya a ɗaki in ta ji takunta. Ni ma tsoro nake ji, allurar kuwa ba ta taɓa sauya magana ba. Da hutu ya ƙare na koma Gwarzo da murna.

A mako na uku da komawata, malam ya ɗora madara a sikelin ɗakin gwaji, mai nuna lambobi. Ya rubuta a allo: ɗaya, ɗigo, sifili, uku. Ya ce lita guda ta madara ta fi ta ruwa da giram talatin kacal. Sannan ya ce sikeli ba ya faɗin abin da ba ya iya gani, kuma wanda ya yi hukunci da lambar da awonsa bai kai gare ta ba, shaidar zur ya yi. Na tuna sikelin mai wake. Tsakanin zane da zane giram ɗari ne. Ko tsantsar madara aka rataya masa, ɗaya zai ce.

Ban iya cin abinci ba ranar. Na rubuta lambar a takarda, na ninke, na ƙirga kwanakin hutu.

Ranar da aka yi hutu na sauka daga motar Kabo, teburin mai shayi na fara zuwa. Na yi masa bayanin giram talatin. Ya saurare ni yana fifita wuta.

"Jiya ka ce ruwa, yau ka ce madara. Wanne za mu ɗauka? Ai ma an yi sadakar bakwai ɗinta."

A gida mahaifiyata ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar, rufe da faifai. Ta ce bayan tafiyata tsohuwar ba ta fasa zuwa ba, kullum sai ta tsaya a zaure ta tambaya ko ɗan boko ya dawo. Ranar ƙarshe ta ajiye ƙwaryar ta ce a ba ni in na zo.

Na ɗaga faifan. Madarar ta daɗe da bushewa, sai wani farin zobe a jikin ƙwaryar. Takardar na cikin aljihuna, kuma babu abin da ya rage da zan auna.