Damin da Na Mayar

Shekarar da zama ya gagare mu a ƙauyenmu na gefen Dauran, na ba maƙwabcina aron gonar da na gada, na koma Kaura Namoda. Shi ya ce ba inda za shi. Al'adarmu ita ce, wanda aka ara wa gona yakan kai wa mai ita dami ɗaya na gero kowace kaka. Damin ba kuɗin haya ba ne, shaida ce cewa gonar tana da mai ita.

Kakar farko ya aiko da damin a motar kasuwa. Ni kuwa, da girman kai irin na wanda ba shi da komai, na mayar masa, na ce tsakanina da shi ba wannan. Bai sake aikowa ba. Matata ta rasu, ɗana ya tafi neman abinci kudu, na rage ni kaɗai a ɗakin haya bayan tasha. Ana nan sai wani direba ya gaya mini maƙwabcin nan ya dasa mangwaro a gonar. Kowa ya san ba a dasa itace a gonar aro. Raina ya ɓaci har na kasa cin tuwo.

A rediyo na ji cewa gwamnati na da lauyoyi masu ba talaka shawara kyauta. Na je ofishinsu ina huci, na tarar da wata lauya da ba ta wuce sa'ar ɗana ba. Na ce kotu nake so. Ta bar ni na gama faɗana, sannan ta ce, "Baba, wa ya ga ranar da ka ba shi aron?"

Na fara lissafi. Limaminmu ya rasu. Ƙanen babana ya ƙetara Nijar. Wanda muke iyaka da shi an ce yana Shinkafi, an ce kuma ba ya nan. A kan kujerar nan na gane ba sauran wanda ya san ni da ƙasa sai wanda nake son kai ƙara. Kaɗaici ya kama ni fiye da ranar jana'izar matata.

Ta ce in bar zancen kotu tukuna. "Kada ka ce ya ba ka gona. Ka kira shi gaban mai gari da mutane, ka nemi daminka na bana. In ya kawo, ya amsa da bakinsa."

Mun haɗu a Zurmi ranar kasuwa. Ya rame, ya yi furfura. Na faɗi buƙatata, ya ce, "Ni na aza ka bar muna ita. Ai kai da kanka kam maido min dami." Mai gari ya tambaye shi ko gonar wa ce. Ya nuna ni, ya ce, "Tashi ta," wato tawa ce.

Bayan mako damin ya iso. Na jingine shi a kusurwar ɗaki, inda tabarmar matata take a da. Gona dai tawa ce, ko da yake hanyar zuwa can ba ta biyuwa. Har yau ban sussuke damin ba, don ba wanda zan ce wa ya zo mu ci.